Farashin Ɗigo: Yadda Ya Kamata a Yi Cinikin Zanen Fiksel a Legas

Zanen fiksel wani nau'in zane ne na kwamfuta da ake ginawa ɗigo bayan ɗigo, inda mai zanen yake zaɓa wa kowane ɗan murabba'i da ke kan allo launinsa da hannunsa, har siffar mutum ko ta bishiya ko ta mota ta fito daga tarin murabba'an. Fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta da allon waya ko na kwamfuta yake iya nunawa, kuma a hotunan zamani yakan ɓace a cikin miliyoyin 'yan uwansa, amma a wannan salo da gangan ake barinsa a fili, ido yana ganinsa, yana kuma iya ƙirga shi. Wannan fitowa fili da ɗigon ya yi ita ce ta jawo wa sana'ar babbar matsalarta wajen ciniki, domin mai saye yakan dubi ɗan mutumin da bai wuce faɗin farce ba a kan allo, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ladan aikin bai kamata ya fi girman zanen ba. Abin da wannan maƙala take karewa shi ne cewa farashin irin wannan zane, idan an ba da odarsa domin wasan bidiyo, abu ne da ake lissafawa da alƙalami, kuma matashin da ke yin sa daga Iyana Ipaja ko Agege yana cutar kansa, yana kuma cutar waɗanda za su biyo bayansa, duk ranar da ya faɗi farashi da ka kafin ya yi lissafin.

Asalin salon tilas ce ta na'ura. Na'urar wasa ta Famicom, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, tana nuna ɗigo 256 a kwance da 240 a tsaye, kuma kowane ɗan zane mai motsi launi uku kawai take yarje masa, ban da gurbin da ake bari fayau domin a hango abin da ke bayansa. Game Boy ta 1989 ta fi haka takura, domin ɗigo 160 ne da 144, da inuwa huɗu kacal. Shigeru Miyamoto ya sha bayyana cewa hular Mario da gashin bakinsa dabaru ne na kauce wa zana suma da leɓe a wurin da ɗigo bai isa ba. Na'urori sun daɗe da wuce wannan takura, amma salon ya dawo da ƙarfinsa a hannun masu haɗa wasanni masu zaman kansu, wato mutum ɗaya ko 'yar ƙaramar ƙungiya da ke gina wasa ba tare da jarin babban kamfanin wallafa ba. Shovel Knight, wanda ya fito a 2014, ya tara dala dubu 311 da ɗoriya daga hannun jama'a a dandalin Kickstarter kafin a kammala shi. Eric Barone ya shafe sama da shekara huɗu shi kaɗai yana gina Stardew Valley, wanda ya fito a 2016 ya kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Celeste na 2018, wanda duk fagensa ɗigo 320 ne da 180, Pedro Medeiros ɗan ƙasar Birazil ne ya yi masa zanen fiksel. Misalin na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai karatu a Legas, domin ya nuna cewa wannan aiki ne da ke tsallaka iyakar ƙasa ta wayar intanet ba tare da mai yin sa ya nemi biza ba.

Legas tana da nata masu haɗa wasanni tun fiye da shekara goma. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, kuma sunayen wasanninsa, irin su Okada Ride da Mosquito Smasher da Aboki Run, sun nuna cewa titin Legas ne ma'adinin da ake haƙo labari. A wannan shekarar ne Abiola Olaniran ya kafa Gamsole, ga kuma ChopUp, wanda ya fitar da wasan Danfo. Maliyo ya kai ga yin aiki da Disney a kan wasan Iwájú a 2024, ya kuma gudanar da shirin horarwa na GameUp Africa tare da Google. Akasarin wannan harka ta fi karkata wajen Yaba da tsibiri, nesa da Alimosho, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a jihar. Sai dai Iyana Ipaja, da ke cikin Alimoshon, mahaɗa ce a kan babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta, motocin BRT na layin Oshodi zuwa Abule Egba da aka buɗe a 2020 suna ratsa ta, kuma daga nan zuwa Computer Village ta Ikeja, inda ake samun kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ba wata tafiya ba ce. Hausawan Agege, waɗanda kakanninsu suka kafu a yankin saboda fataucin goro da layin dogo tun farkon ƙarni na ashirin, suna da 'ya'ya da jikoki da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, kuma a cikinsu duk wanda ya iya zane ya mallaki kwamfuta, ƙofar wannan kasuwa a buɗe take gare shi. Abin da ba ya samu a gida shi ne wanda zai koya masa yadda ake sa wa aikin kuɗi, domin iyayensa sun san farashin huhun goro da na sa a mayankar Oko-Oba, amma ba su taɓa cinikin abin da ba a riƙewa a hannu ba.

Lissafin yana farawa ne daga sanin abin da ake saye. Mai haɗa wasa idan ya ce yana son ɗan wasa ɗaya, ba zane ɗaya yake nufi ba, ko da shi kansa bai lura da hakan ba. Motsi a wasan bidiyo jerin zanuka ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri har ido ya ɗauka tafiya ce, kuma kowane zane a cikin jerin ana kiransa firam. A ƙaddara ɗan wasa ne da ake kallo daga sama, wanda zai fuskanci gabas da yamma da kudu da arewa, a ba tafiyarsa firam 6, tsayuwarsa da numfashi firam 4, kai dukansa firam 6. Wannan firam 16 ke nan a kowace fuska, wato 64 a fuskoki huɗu, tun ba a zo maganar gudu ko tsalle ko faɗuwa ba. Idan kowane firam ya ci rabin awa, an tashi da awa 32, kwana huɗu cur na aiki, a kan abin da mai oda ya kira zane ɗaya. Masu son rage kuɗi sukan ce a juya zanen dama ya zama na hagu kamar a madubi, abin da zai mayar da adadin 48, kuma dabara ce halastacciya da manyan wasanni suka yi amfani da ita, amma tana da sharaɗi: duk abin da ke hannun dama zai koma hagu. Ɗan wasan da yake miƙa kuɗi ko yake cin abinci da dama zai koma yi da hagu da zarar ya juya, kuma Bahaushe ko Bayarabe da ke riƙe da wayar zai ga wannan nan take ko da Bature bai gani ba. Saboda haka ko ragin ma shawara ce da ake yankewa da ilimi, kuma ilimin na mai zane ne.

Girman zanen shi ma yana yaudarar wanda bai saba ba. Zane mai ɗigo 16 a kowane gefe yana da gurabe 256, mai 32 yana da 1,024, mai 64 kuma yana da 4,096, wato duk ninki ɗaya na gefe ninki huɗu ne na fili. Mai oda da ya ce a ɗan ƙara girman zanen bayan an yi nisa, sabon aiki yake nema, domin zanen fiksel ba ya miƙuwa: idan aka ja shi sai ya dagule, dole a sake dasa kowane ɗigo. Amma kuma ƙanƙanta ba ta kawo sauƙi kai tsaye, tun da a fili mai ɗigo 16 ido ɗaya ɗigo ɗaya ne, kuma matsar da shi gurbi guda yana iya mayar da fara'a ta zama fushi. Haka abin yake ga fagen wasa, wanda ake shimfiɗawa da tayil, wato ƙananan murabba'ai na ƙasa ko ciyawa ko ruwa da ake jerawa su haɗu ba tare da an ga tsaga ba. Idan ana son kwalta ta haɗu da jar ƙasa ta kowace kusurwa, mafi ƙarancin tsari yana buƙatar tayil 16, cikakken tsari kuma 47, kuma wannan na mahaɗar nau'in ƙasa biyu ne kawai. Duk wanda ya taɓa sayen hular hannu a Zangon Agege ya san wannan hikima ta wata fuska, domin ba ya auna hular Bama ko ta Zanna Bukar da faɗinta, sai ya juya ta ya dubi cikar ɗinkin da ƙanƙantar sukar allura da yawan launin zaren, ya kuma san dalilin da ya sa ta keke ba ta kai rabin kuɗinta ba. Idon da ya iya wannan ƙirga ya isa ya fahimci dalilin da ya sa zane mai launi takwas da firam sittin yake da tsada.

Hanyoyin sa farashi da aka saba da su a kasuwar duniya su ne biya a kan awa, biya a kan kowane zane, da jinga, wato a yi cinikin aikin gaba ɗaya a kan kuɗi guda. Biya a kan awa ya fi kare mai zane, amma yana buƙatar amanar da ba a cika samu ba tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, yana kuma hukunta gwani, tun da wanda hannunsa ya faɗa yakan gama a awa biyu abin da ɗan koyo zai kwana a kai. Jinga ita ce mafi haɗari idan ba a rubuta jerin kayan ba, domin wasa abu ne da ke girma a hannun mai gina shi, kuma maƙiyi uku na watan farko sukan zama goma sha biyu a wata na huɗu. Abin da ya fi dacewa shi ne mai zane ya riƙe lissafin awa a matsayin ma'auninsa na cikin gida, ya auna da agogo tsawon lokacin da firam ɗaya ko tayil ɗaya yake ɗaukarsa, sannan ya fito wa mai oda da farashi a kan kowane abu, a jere, ta yadda duk ƙari zai zo da kuɗinsa ba tare da an yi ja-in-ja ba.

Kuɗin awar kuwa daga rayuwar Legas ake ciro shi. A watan Oktoban 2024 gwamnatin jihar ta sanar da mafi ƙarancin albashi na naira 85,000, sama da naira 70,000 na tarayya, kuma idan aka raba wannan a kan kwana 22 na awa takwas-takwas, awa ɗaya tana tashi kusan naira 480. Dandalin Fiverr, wanda ya yi suna da ayyukan dala biyar, yana cire kashi 20 cikin ɗari daga hannun mai aiki, saboda haka dala 5 tana komawa 4, wato naira 6,000 idan aka ɗauki canji a kan 1,500. Matashin da ya karɓi wannan a kan aikin yini guda zai ga kamar ya haura ma'aikacin gwamnati, amma ma'aikacin ba shi ke sayen wutar ofishinsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai naira 1,000 a Legas kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Idan janareta ya sha lita biyu a wannan yini, saura naira 4,000, wato 500 a kowace awa, kafin a cire data da lalacewar kwamfuta da sa'o'in da aka ɓatar wajen neman mai oda da amsa saƙonninsa, waɗanda ba wanda yake biya. Manhajar Aseprite, wadda David Capello ɗan Ajantina ya ƙirƙira kuma masu wannan sana'a da dama suke aiki da ita, dala 19.99 ce, wato fiye da sulusin albashin nan na wata, ko da yake akwai na kyauta irin su LibreSprite da Piskel ga mai farawa. Ƙwarewar da aka shekara biyu ko uku ana koyo bai kamata ta tashi daidai da ladan aikin da ba ya buƙatar koyo ba, kuma wannan shi ne ƙasan da farashi ba zai sauka ƙarƙashinsa ba.

Akwai masu cewa arhar rayuwa ita ce makamin ɗan Najeriya a kasuwar duniya, don haka ya kamata ya karya farashi ya kwashe aiki daga hannun na Turai da Amurka. A cikin maganar akwai gaskiya kaɗan, domin kuɗin haya a Iyana Ipaja ba ɗaya yake da na Landan ba, kuma sabon shiga da ba shi da kundin ayyukan da zai nuna dole ya sassauta. Amma sassauci daban, zubar da kaya daban. Zanen da aka yi a Agege, idan ya shiga wasan da ake sayarwa a dandalin Steam, dala ɗaya yake jawowa da wanda aka yi a Toronto, kuma mai sayen wasan ba ya tambayar inda aka dasa ɗigon. Mai oda na kirki, wanda ya san aikin, yakan tsorata da farashin da ya yi arha fiye da kima, domin ya san ko dai zanen sata ne, ko na'ura ce ta yi shi, ko kuma mai aikin zai gudu a tsakiya idan ya gano ya faɗi. Wanda arha take jawowa galibi shi ne mai yawan neman gyara da jinkirin biya. Ga kuma abin da ya fi wannan muni, wato farashin da mutum ɗaya ya karya yakan zama abin da ake tsammani daga duk wanda tutar ƙasarsa ta bayyana a gefen sunansa. Abin da ya halatta shi ne farashi biyu da aka gina a kan dalili: na dala ga mai oda na waje, wanda ya kusanci abin da ake biya a kasuwar da wasan zai shiga, da na naira ga ɗan Legas da ke gina wasansa da albashinsa, matuƙar na biyun bai faɗa ƙasa da kuɗin awar da aka lissafa ba. Farashin naira kuma ya zo da wa'adi, mako biyu ko wata guda, domin wanda ya yi jinga a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, ya karɓi cikon kuɗinsa a Fabrairun 2024 da ta haura 1,500, ya san abin da rashin wa'adi yake jawowa. Hanyar karɓar kuɗin ma tana da nata kaso, tun da PayPal, wanda masu oda na waje suka fi sabawa da shi, ya shigo Najeriya a 2014 da damar aikawa kawai ban da karɓa, abin da ya tura masu aiki shekara da shekaru zuwa Payoneer da makamantansa, kowanne da la'adarsa.

Adalci ya buƙaci a dubi ɗaya ɓangaren. Mai haɗa wasa mai zaman kansa sau da yawa talaka ne kamar mai zanen. Steam yana karɓar dala 100 kafin ya ɗora wasa, ya kuma cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Google Play yana cire kashi 15 daga dala miliyan ɗaya ta farko a shekara. Wasannin da suka fito a Steam a 2023 kaɗai sun haura 14,000, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke mayar da abin da aka kashe. Wannan ne ya sa ake yawan yi wa masu zane tayin rabon riba, wato su yi aiki yanzu a biya su da kaso idan wasan ya sayu. Tayin ba zamba ba ne a kansa, amma ma'anarsa ita ce mai zane ya zama mai zuba jari, kuma wanda ke sayen fetur kullum ba shi da jarin da zai zuba a wasan da watakila ba za a gama shi ba. Kaso yana da kyau idan ƙari ne a kan kuɗin hannu da aka rage bisa yarda, kuma aka rubuta ko daga cinikin farko za a cire shi ko bayan an fitar da kashe-kashe. Mai odar da aljihunsa bai kai ba yana da mafita ta mutunci: ya rage yawan firam, ya rage launuka, ko ya ɗauki zanukan da aka riga aka yi, irin waɗanda Kenney na ƙasar Holan yake bayarwa kyauta ko waɗanda ake sayarwa da arha a itch.io, ya keɓe kuɗinsa ga jarumin wasan kaɗai. Ƙirƙirarriyar basira ma ta shigo da nata matsin, amma har yanzu abin da take fitarwa yakan yi kama da zanen fiksel daga nesa, a kusa kuma sai a ga ɗigon ba su hau layi ɗaya ba, launuka sun yi yawa, fuskar ɗan wasa tana sauyawa daga firam zuwa firam. Tun Janairun 2024 kuma Steam ya wajabta wa masu wasa su bayyana inda suka yi amfani da ita.

Sashen da aka fi yin asara a cikinsa ba tare da an ji zafi a lokacin ba shi ne haƙƙin mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tsaya a kan asalin cewa haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma sayar da haƙƙin ko ba da keɓantaccen lasisi ba ya tabbata sai a rubuce. Ma'anar wannan ita ce biyan kuɗin aiki ba ya mayar da mai oda mamallakin zanen kai tsaye, kuma akwai matakai da kowannensu yake da farashinsa. Mafi arha shi ne lasisin da ya ba mai oda damar amfani da zanen, mai zane kuma ya ci gaba da sayar wa wasu. Sama da shi akwai lasisin da ya keɓe zanen ga wasa ɗaya. Mafi tsada shi ne sallama haƙƙin ɗungurungum, wanda zai ba mai oda damar buga siffar a kan riga, ya sa ta a kashi na biyu na wasan, ko ya sayar wa wani kamfani. Masu shirya finafinan bidiyo sun riga sun ɗanɗana wannan darasi, domin a shekarun kaset da faifai da yawansu sun riƙa sallama fim ga 'yan kasuwar Idumota a Legas ko na Ƙofar Wambai a Kano a kan kuɗi guda, daga nan duk abin da fim ɗin ya ƙara jawowa ba nasu ba ne. Mai haɗa wasa yana da hujjar son cikakken haƙƙi, tun da mawallafi ba zai karɓi wasan da mallakar zanensa take cikin shakka ba, kuma babu laifi a sayar masa. Laifin shi ne a ba shi a matsayin gyara a kan cinikin da aka yi na ladan aiki kawai.

Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take umartar ta da rubuta bashi. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna cinikin abin da ba a ƙera ba tukuna, wanda suke kira istisna'i, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da halascinsa bisa sharaɗin a bayyana nau'in abin da adadinsa da siffofinsa da wa'adinsa, ta kuma yarda a biya kuɗin kashi-kashi. Waɗannan sharuɗɗa su ne ainihin abin da takardar odar zane take buƙata: girman zane da ɗigo, yawan launuka, yawan firam, ranar miƙawa, da irin haƙƙin da aka sayar. Kafin alƙalami, wato abin da ake bayarwa kafin a fara aiki, ya kamata ya kai sulusi ko rabi, saura kuma a biya a matakai, kada a miƙa ainihin fayil ɗin aiki sai an cika. Yawan gyara shi ma a ƙayyade shi, sau biyu a matakin zayyana misali, abin da ya wuce haka a biya, domin gyaran da aka nema bayan an gama motsi yana nufin a taɓa firam 64, ba ɗaya ba. Takardar ba sai ta lauya ba. Shafi ɗaya da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu ya fi saƙonnin murya arba'in na WhatsApp da kowa zai fassara yadda ya so.

Akwai kuma wani abu da matashin Agege yake da shi wanda ba a samu a tarin zanukan kyauta na intanet, waɗanda suka cika da fadojin Turai da dazuzzukan Japan. Shi ya san yadda babbar riga take kwantawa a bayan mai acaba, da yadda ake jera jarkoki a kurar mai ruwa, da tsarin teburin mai shayi da gwangwanayen madararsa, da bambancin naɗin rawanin malami da na basarake, da yadda zanko yake tsayawa a kan soron gidan Kano. A fili mai ɗigo 16, inda ba a iya zana komai, sanin ɗigo ukun da za su sa a gane rawani ne ba bandeji ba shi ne aikin gaba ɗaya, kuma kamfanin Legas ko na Kamaru ko na Amurka da ke son wasansa ya nuna Bahaushe yadda Bahaushe zai yarda da shi, wannan sani yake saye. Ya kamata ya fito a takardar farashi da layinsa na kansa, a matsayin bincike da tsara siffa, a biya shi kafin a dasa ɗigon farko, a kuma haɗa da sharaɗin cewa sunan mai zane zai fito a jerin waɗanda suka yi wasan, yana kuma da damar nuna aikin a kundinsa daga ranar da wasan ya shiga kasuwa.